Kaka Ɗaya, Insha'i Shida

Fagge, Kano
Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Gwaggo Ummakulsum,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina lafiya, da fatan ciwon gwiwar ya lafa. Ni lafiya lau, sai mura da ta kama ni ranar Talata ta sake ni ranar Alhamis. Baba yana gaishe ki. Ya ce in tuna miki cewa ke 'yar ƙanen babansa ce, don haka shi ne babba ko da kin riga shi zuwa duniya.

Tunda kin ce ba kya jin magana sosai a waya, na koma takarda. Malam Sabi'u direba, wanda yake ɗaukar kaya daga kasuwar Singa zuwa Haɗeja duk mako, shi zai riƙa kai miki yana kawo mini amsa.

Gwaggo, na sami aiki. Wata makarantar kuɗi ce a nan Fagge, dab da Sabon Gari, ina koyar da Hausa a aji biyu na ƙaramar sakandare. Zangon nan na gwaji ne, in shugaban makaranta Malam Hamzat ya gamsu sai a tabbatar da ni. Kusan rabin ajin yaran Sabon Gari ne, iyayensu 'yan kudu, amma a nan aka haife su, kuma wasunsu in suna magana sai kin ɗaga kai za ki san ba 'yan Fagge ba ne.

Na tsara makona yadda ba zan ruɗe ba. Litinin karatu da auna fahimta, Laraba nahawu, Alhamis shifta da insha'i. Ranar Alhamis ɗin nake ba da aikin gida, a kawo ranar Litinin. Aikin gidan ne abin da nake alfahari da shi, don ni na ƙirƙiro shi. Duk mako nakan ba su tambaya ɗaya, kowa ya je ya yi wa kakarsa, ya rubuto abin da ta ce a shafi ɗaya. Makon farko: ina aka haife ki? Na biyu: me kike ci kina yarinya wanda yanzu ba a ci? Wannan makon: wace tafiya ce ba za ki manta ba? Yaran da a da ba sa cika layi huɗu yanzu suna neman ƙarin takarda. Yarinya ɗaya ce kawai, Ikhlas, ba ta kawo ko sau ɗaya ba, kuma na ba ta sifiri yadda doka ta ce.

Tambaya ɗaya nake da ita, tunda ke kin shugabanci makaranta har kika yi ritaya. In malami ya ga alamar yara suna kwafar aikin juna, me ya kamata ya yi? Ban tabbatar ba tukuna, shi ya sa ban ambaci suna ba.

Ɗanki,
Ilu

Haɗeja
Talata, 15 ga Oktoba

Ilu,

Wa alaikumus salam. Gwiwa tana nan, ita da ni mun saba. Ka ce wa babanka in girman yake so, ya zo ya gaishe ni da ƙafarsa in ba shi.

Na yi murna da aikin, Allah ya sa albarka. Aikin gidan nan naka ya burge ni, ni ban taɓa tunaninsa ba.

Batun kwafa kuwa, kada ka sassauta. Yaron da ya kwafa ka kawar da kai, gobe ajin duka zai kwafa, kuma su da kansu za su raina ka. Bi dokar makarantarku.

Ka aiko mini da abin da yaran suke rubutawa in karanta. Zaman gida ya ishe ni.

Gwaggonka

Fagge, Kano
Asabar, 26 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa da fatan alheri. Mu duka lafiya. Na gode da shawararki, kuma na bi ta.

Yanzu na tabbatar. Yara shida ne, duka 'yan Sabon Gari, har da Ujunwa wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin, da wani Chibuike mai surutu. Ga hujjojina, don ba na son in zargi kowa a kan zato.

Duk su shidan sun rubuta cewa sunan kakarsu Iya Gana, a Nguru aka haife ta, kuma tafiyar da ba za ta manta ba ita ce ranar da ta zo Kano a jirgin ƙasa tana amarya. Na duba rajistar makaranta. Uku asalinsu Anambra, biyu Abiya, ɗaya Imo. Sunan mahaifinsu ba ɗaya ba ne, ba 'yan uwan juna ba ne. Ta ina yara shida daga gidaje shida za su haɗa kaka ɗaya, kuma Babarbariya?

Bayan haka, ko kwafar ba su iya ba. Ujunwa ta ce da damina kakar ta zo, Chibuike ya ce da bazara. Wata ta ce 'ya'yanta bakwai, wani ya ce tara. Na fahimci ɗaya ne ya sami labarin a wani wuri, sauran suka ɗan sassauya don kada in gane.

Ranar Litinin na tsayar da su a gaban aji na ce, "Wa ya fara rubutawa, sauran suka kwafa?"

Ujunwa ta ce, "Malam, ba wanda ya kwafa. Kakarmu ce."

Na ce, "Ku shidan?"

Ta ce, "E, Malam."

Sai Ikhlas ta ɗaga murya daga baya ta ce, "Malam, tambaye su, yaushe aka mayar da Nguru Anambra?" Aji ya fashe da dariya.

Chibuike ya juya ya ce mata, "Ke taki kakar tana ina? Har yau ba mu ga ko ɗankwalinta ba." Na tsawatar musu duka.

Na ba su kwana uku su faɗi gaskiya, suka kafe a kan maganarsu. Ranar Alhamis na kai wa Malam Hamzat sunayensu da takardun. Dokar makarantarmu ita ce duk wanda aka kama da kwafa, za a soke makinsa na aikin aji na zangon, sannan a kira sunansa a asambuli ya fito gaban kowa. Mako mai zuwa ana gwajin tsakiyar zango, don haka ya sa ranar Litinin, 4 ga Nuwamba. Ya yaba mini, ya ce ya daɗe bai ga sabon malami mai bin diddigi haka ba.

Ba na jin daɗin abin, musamman saboda Ujunwa, amma na san ina kan daidai. Na sa fotokwafin insha'in su shidan a cikin ambulan nan, na duk makonnin, ki gani da idonki.

Ɗanki,
Ilu

Fagge, Kano
Alhamis, 31 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Da fatan lafiya ce ta sa na ji ki shiru. Jiya Laraba na je Singa inda Malam Sabi'u yake lodi, aka ce motarsa ba ta shigo ba. Na kira wayarsa a kashe. Wannan takardar ban san yaushe za ta tafi ba, amma gara in rubuta.

Ranar Talata mahaifin Ujunwa ya zo makaranta. Sunansa Chukwuemeka, yana da shagon kayan masarufi a Singa, kuma Hausarsa ta fi tawa zaƙi. Bai yi faɗa ba. Ya gaishe ni har da tambayar gajiya, sannan ya ce, "Malam, tun ina saurayi nake kasuwar nan, ba wanda ya taɓa ce mini ɓarawo. 'Yata ba za ta fara jin sunan a gaban makaranta ba. In aka kira ta ranar Litinin, ranar Talata ba za ta dawo ba, kuma ba ita kaɗai ba."

Na buɗe masa rajista na nuna masa inda shi da kansa ya rubuta Anambra. Ya dubi takardar ya dube ni ya ce, "Takardar nan ce ta yi mata wanka?" Ban gane nufinsa ba. Ya ce in zo gidansu in gani. Na ba shi haƙuri, na ce magana tana hannun shugaba, kuma bai dace malami ya shiga gidan iyaye a irin wannan lokaci ba, kada a ce an shawo kansa. Ina ganin a nan ma na yi daidai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ranar Litinin su shidan sun sake kawo aikin gida, kuma duk a kan Iya Gana. Wanda aka kama yakan canza hanya. Su ko kaɗan. Ujunwa ta ajiye nata a kan teburina ba ta dube ni ba, alhali da ita ce mai goge mini allo.

Na sake karanta takardarki sau da yawa. Kin ce kada in sassauta. Na ɗauki shirun nan naki a matsayin ba ki da abin ƙarawa. Sauran kwana huɗu.

Ɗanki,
Ilu

Haɗeja
Litinin, 28 ga Oktoba

Ilu,

Lafiya muke. Gaisuwar ta isa haka, don akwai magana.

Kai ɗan nan, ka tambaye ni a dunƙule, na ba ka amsa a dunƙule, sai ka ɗauki amsata ka rataya wa yaran mutane? Na ce kada ka sassauta wa wanda ya kwafa. Ban ce ka kama wanda bai kwafa ba.

Na karanta takardun nan tun daga azahar har aka kira la'asar ban tashi ba. Na yi shekaru ina kama masu kwafa, na san kamanninsu. Mai kwafa malalaci ne, layi yake bi, ba ya ƙara komai daga kansa. Waɗannan kuwa kowa yana da abin da ɗan uwansa ba shi da shi. Ujunwa ce kaɗai ta san a kan buhun banda matar ta zauna a jirgi, har kayan aurenta suka yi wata suna ƙarnin kifi. Chibuike ne kaɗai ya rubuta cewa tana ce masa angonta, kuma da ya yi mata dariyar haƙori ta kwaɗa masa mafici a ka. Wannan yaron ya ji zafin maficin nan, Ilu. Ba a kwafo shi daga takardar wani.

Saɓanin da ka kafa hujja da shi kuwa, shi ne ya wanke su. Da kwafa suka yi, da damina ce a duka shidan. Tsohuwa ce ta zauna da kowane yaro daban, ta ba shi labarin yadda ya zo mata a ranar. Ni kaina in ka tambaye ni ranar da na fara koyarwa, yau in ce maka ana ruwa, gobe in ce ana rana. 'Ya'ya bakwai da tara ma, tambayi kowace uwa ta zamaninmu, wata rana masu rai take ƙirgawa, wata rana har da waɗanda ta binne.

Yadda aka yi ta zama kakarsu ban sani ba, kuma kai ma ba ka sani ba, don ba ka je ba. Ka duba rajista, ka duba takardu, ka duba doka. Matar fa? Tsakanin Fagge da Sabon Gari ko takalmi ba ya ƙura.

Ka je kafin ranar Litinin ɗin nan. In ka tarar ƙarya ce, ka ce Gwaggo ta tsufa. In ka tarar gaskiya ce, ka san abin da ya rage maka, kuma na san yana da ɗaci ga mai zangon gwaji.

Gwaggonka

Fagge, Kano
Litinin, 4 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa da ban girma. Mu duka lafiya. Takardarki ta ranar 28 sai shekaranjiya Asabar da yamma ta iso ni. Injin motar Malam Sabi'u ne ya buga a Gujungu, ya yi kwanaki yana jiran kayan gyara, takardar tana aljihunsa. Tawa ta ranar Alhamis na haɗo miki da wannan, don ki ga yadda kaina ya yi tauri.

Jiya Lahadi bayan azahar, lokacin da na san sun dawo daga coci, na je. Gidan haya ne babba a Sabon Gari, irin mai ɗakuna jere da tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya. Duk su shidan a gidan suke. Wannan ma yana cikin rajista, a layin adireshi, amma ni layin asali kawai na duba.

Na yi sallama, Chibuike ya hango ni ya ruga ciki yana cewa, "Iya, ga shi nan ya zo!" Na tarar da wata tsohuwa 'yar ƙarama a kan tabarma tana tsinke zogale, da tsagen Barebari a fuskarta, mafici a gefenta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo.

Ta ce, "Kai ne mai jan biron?"

Na ce, "Ni ne, Iya."

Ta ce, "Ni ka bai wa sifiri har shida? Ko makaranta ban taɓa shiga ba, ka kayar da ni jarrabawa."

Matan gidan suka fito suna dariya. Mahaifiyar Ujunwa, Obiageli, ita ta yi mini bayani. Mijin Iya ma'aikacin jirgin ƙasa ne, tun zuwansu Kano suke ɗakin nan, ya rasu, 'ya'yanta suka watsu garuruwa, ita ta ce ba inda za ta. A al'adar su Obiageli, in mace ta haihu, uwarta ce take tasowa daga gida ta zo ta zauna da ita, ta yi mata wanka, ta yi wa jariri, ta dafa mata abincin jego. To ba kowace uwa ce take iya wannan doguwar tafiyar ba. Ta Obiageli ta rasu tun kafin aurenta. Ta wata ba ta da lafiya. Duk wadda ta haihu a gidan nan ba mai zuwa mata, Iya ce take hura wuta ta ɗora tukunya.

Iya ta nuna Obiageli da tsinken zogale ta ce, "Wannan, da na tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi na ɗora mata, ihu take tana kiran uwarta da yarensu. Na ce kira da kyau, ni ce dai zan amsa. Ta sha kunun kanwata, ni kuma ta koya mini farfesunsu mai yaji. Yaran nan shida ba wanda ba a tafin hannuna ya fara shan wanka ba. In akwai wata kakar da ta fi ni, ta fito in gan ta."

Gwaggo, kin san halina. Na kasa haƙuri na ce, "Iya, don Allah, da damina kika zo Kano ko da bazara?"

Ta ce, "Kai malami ne ko ɗan sanda? Jirgin Nguru ne fa, ɗan nan. Ka taso da bazara, ka iso da damina."

Na ba ta haƙuri, na bai wa iyayen. Ujunwa tana bakin famfo tana wanke-wanke, ba ta juyo ba. Na fahimci haƙurin tsakar gida bai ishe ta ba, tunda a gaban aji na tsayar da ita.

Yau da safe kafin a kaɗa ƙararrawa na shiga ofishin Malam Hamzat na faɗa masa komai. Ransa bai yi daɗi ba. Ya ce, "Kai ka kawo mini sunaye da hujjoji, na yaba maka a gaban malamai, na aika wa iyaye. Yanzu ka ce in lashe amaina? Ka tuna zangon gwajinka bai ƙare ba." Na ce na tuna. Ya ce shi ba zai janye komai da bakinsa ba, in ina so in hau dandamalin asambuli in yi da nawa.

Na hau. Na dubi taron ɗalibai. Na kira sunayen shida ɗaya bayan ɗaya, suka fito kansu a sunkuye. Na ce, "Waɗannan na zarge su da kwafa, kuma ban yi daidai ba. Kakarsu ɗaya ce, na je na gan ta, har ta yi mini faɗa. Makinsu yana nan, na kuma sake duba aikinsu, yana cikin mafi kyau a ajin." Sannan na karanta insha'in Ujunwa na buhun banda tun daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin ƙarnin kifi har Malam Hamzat sai da ya rufe baki da hannu.

Bayan an tashi daga asambuli ya ce mini kawai, "Za mu gani a ƙarshen zango." Ban san me zai yanke ba, kuma abin mamaki na ci abincin rana sosai. Da na shiga aji na tarar an goge allo.

Abu ɗaya ya rage. Bayan an tashi Ikhlas ta tsaya har kowa ya fita, ta ce, "Malam, ashe ana iya yi da kakar da ba ta haifi babanka ba?" Na ce ana iya. Ta ce nata duka biyun sun rasu kafin a haife ta, kuma gidansu ba tsohuwa. Sifiri biyar na ba yarinyar nan ban taɓa tambayarta dalili ba. Na ce ta bari in yi tunani. Iya Gana tana da shida, ina jin nauyin in ƙara mata.

Ɗanki,
Ilu

Haɗeja
Laraba, 6 ga Nuwamba

Ilu,

Lafiya lau, gwiwa ma yau ta yi mini kirki. Na karanta takardunka biyu a jere, ta farko ta ba ni haushi, ta biyu ta biya.

Batun Malam Hamzat kada ya hana ka barci. Na yi shugabanci, na san wanda ake kora da wanda ake riƙewa. In kuma ya kasa ganewa, makarantu ba su ƙare a Kano ba.

Ka gaishe mini da Iya Gana, ka ce wata 'yar uwarta a Haɗeja ta ce a ƙara wa angon nan mafici.

Tunanin me kake yi a kan Ikhlas? Kana aiko mini da takarda duk mako, ba ka ga tsohuwa a ƙarshenta ba? Ranar Alhamis ta rubuto tambayarta da hannunta, ka ba Sabi'u. Ta fara da ta farko, inda aka haife ni, mu biya bashin sifirin nan ɗaya bayan ɗaya. In motar ta sake lalacewa, ka ɗaga mata ƙafa, laifin inji ne.

Kuma ka ji da kyau. In na ce mata da damina aka haife ni, kada ka je ka tambayi babanka.

Gwaggonka, kakar Ikhlas